A Mayar wa Yaran Firamare da Gaɗarsu

Yaro ɗan shekara shida a firamaren gwamnati a Arewa yana shiga aji wajen ƙarfe takwas na safe, ba a tashinsa sai rana ta take. In ya yi sa'a yana kan benci, su huɗu ko biyar a matse. In bai yi ba yana ƙasa, a kan siminti ko buhun da ya ɗauko daga gida. Yana komawa gida ya ci abinci sai islamiyya, nan ma zama ne har la'asar sakaliya, wasu kuma akwai makarantar dare bayan magariba. Duk tsawon wunin nan, maganar da ya fi ji daga bakin manya ita ce zauna, yi shiru, daina mutsu-mutsu. In ka cire shara da faretin safe, motsin da makaranta da kanta take sa shi na horo ne: tsallen kwaɗo, kamun kunne, durƙuso a rana da hannuwa sama. Jikin yaro ba ya shiga lissafin makaranta sai ranar da ya yi laifi.

Ra'ayina shi ne a ware wa yaran nazare da na aji ɗaya zuwa uku minti goma sha biyar ko ashirin a kowace rana, a fito da su waje su yi tafi, su yi tsalle, su taka rawa, su ƙirƙiri motsi da jikinsu, malaminsu na aji yana jagoranta, kuma a ɗauko kayan aikin daga gaɗa da wasannin dandali da muka gada. Na san kalmar rawa kawai ta isa ta sa wasu iyaye su tsuke fuska, kuma zan zo kan wannan, domin damuwarsu tana da tushe. Amma bari in fara da abin da muka rasa.

Iyayenmu ba su buƙaci malamin rawa ba saboda dandali ya ɗauke musu wannan aikin. Da farin wata ya fito, 'yan mata su yi da'ira, a ɗau tafi, zabiya ta ba da waƙa, saura su amsa. Ɗaya ta shiga tsakiya ta yi tata rawar, ta fita, wata ta shiga. A wata gaɗar yarinya takan saki jiki ta faɗa da baya, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama ta dira da ƙafafunta. Ku duba abin da ke cikin wannan wasa kaɗai: sai ta san lokacin da za ta faɗa, sai ta yarda waɗanda ke bayanta ba za su sake ta ba, su kuma sai sun haɗa ƙarfi a lokaci ɗaya ba tare da wani ya ce musu ɗaya, biyu, uku ba. Maza suna can gefe suna langa, ƙafa ɗaya a hannu ɗaya a ƙasa, ana ture-ture, wanda ya saki ƙafa ya faɗi. Akwai 'yar gala-gala, akwai carafke da ke horar da ido da yatsu, akwai kokawar yara a kan yashi bayan an kawar da amfanin gona. Da azumi ya kai goma sai tashe, yara su shafa toka, su manna gemun auduga, su kwaikwayi tafiyar tsoho da sanɗar maharbi da yangar amarya. Ba wanda ya rubuta musu yadda tsoho yake tafiya. Sun kalla ne, suka gwada da jikinsu, 'yan kallo suka yi dariya ko suka ƙi yi, suka gyara.

Wannan dandalin a birane ya mutu, a ƙauyuka da yawa kuma yana kan gargara. Filin unguwa an yanka shi filoti-filoti, lungu ya cika da babura da a-daidaita-sahu. Uwa ba ta yarda 'yarta ta fita bayan isha'i ba, kuma tana da gaskiya, ga satar yara, ga 'yan daba. A yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka addaba, wa zai bar yara a fili da dare suna tafi? Tashe ma a 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha fitar da sanarwar hana shi, saboda ɓata-gari suna fakewa da shi suna ƙwace da sara. Abin da ya maye gurbin dandali shi ne wayar yaya ko ta mama, yaro a kwance yana kallon wasu suna rawa. Wuri ɗaya ya rage inda yara talatin ko ɗari suke haɗuwa kullum da rana tsaka, a cikin katanga, ƙarƙashin idon babba, kuma wurin nan makaranta ne.

Abin da nake nema ba sabuwar doka ba ce. Tsarin ilimi na ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977 aka yi ta sabuntawa, ya ce wasa shi ne babbar hanyar koyarwa a matakin da ke gaban firamare. Manhajar ilimin bai-ɗaya tana da darasin al'adu da fasaha, wanda kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo suke cikinsa, tana kuma da darasin motsa jiki da kiwon lafiya. Duka suna nan a jadawalin da ke manne a ofishin hedimasta. Yadda ake koyar da su ne abin takaici. Malami ya rubuta a allo cewa rawa ita ce motsa jiki daidai da kiɗa, ire-iren rawa su ne kaza da kaza, yara su kwafa, ranar jarrabawa su cike gurbi. Yaro zai ci maki cikakke a darasin rawa bai taɓa ɗaga ƙafa ba. Haka darasin motsa jiki: ana zana filin ƙwallo a allo alhali ga fili nan a bayan taga.

Inda rawa take bayyana da gaske a makarantunmu shi ne ranar bikin al'ada ko bikin yaye ɗalibai, musamman a makarantun kuɗi. Kuma a ganina wannan ita ce mafi munin hanyar da za a haɗa yaro da rawa. Ana zaɓo yara goma ko sha biyu, yawanci waɗanda malama take ganin sun fi kyau ko iyayensu za su iya biyan kuɗin anko. A yi makonni ana tilasta musu haddace taku, sau da yawa na wata waƙar fim ko wadda take tashe a TikTok. Ranar biki a caɓa wa 'yar shekara shida kwalliya irin ta amarya, a saki lasifika, manya su taso suna liƙi, wayoyi a sama ana ɗauka, kafin dare hoton ya zaga duniya. Sauran yaran makarantar, su ɗaruruwa, suna zaune a rana suna kallo. Abin da yarinyar da ke kan dandamali ta koya shi ne ana rawa don a burge manya a samu kuɗi. Abin da na ƙasa suka koya shi ne su ba su iya ba. Uban da ya ga wannan ya ce bai yarda 'yarsa ta yi rawa a makaranta ba, ni ina bayansa.

Saboda haka maganar addini ba abin da za a tsallake ba ce. Malamanmu tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun yi ta suka a kan cakuɗuwar maza da mata baligai a wuraren kiɗa da biki, kuma abin da suka gani suka yi magana a kai yana nan har gobe. Amma littattafan da muke karantawa su ne kuma suka kawo hadisin Nana A'isha, a Buhari da Muslim, cewa ranar Idi Sayyidina Abubakar ya shigo ya tarar da 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakinta, ya tsawata musu, Manzon Allah (SAW) ya ce ya ƙyale su, ranar Idi ce. Ita ce kuma ta ba da labarin mutanen Habasha suna wasa da masu da garkuwa a cikin masallaci, Annabi ya tsaya yana kare ta tana kallo har sai da ta gaji da kanta. Fatawa aikin malamai ce, kuma ya kamata duk makarantar da za ta fara wannan ta zauna da limamin unguwa da malaman islamiyya tun farko. Abin da zan roƙe su shi ne su zo su ga abin da idonsu kafin su yanke hukunci: yara 'yan shekara biyar, cikin kayan makarantarsu, da safe, suna tafi suna kwaikwayon tafiyar raƙumi. Su kansu sun san jikin yaro yana bin karatu. A makarantar allo almajiri yana rangaji gaba da baya yana biya allonsa, a islamiyya ana rera ƙasidu da haruffa da kari, yara suna jijjiga ba tare da an ce su yi ba. Nana Asma'u da waƙa ta isar da ilimi ga matan karkara ta hannun jajis, wato matan da take turawa ƙauyuka su koyar, domin ta san abin da ke da kari ya fi zama a ƙwaƙwalwa.

Iyaka kuwa dole a sa ta, a rubuce, iyaye su gani. Ba waƙar fim, ba liƙi, ba kwalliya, ba ɗaukar yara a waya a watsa. Inda iyaye suka fi son mata daban maza daban, a yi haka, dama can a dandali haka abin yake. Wanda ya ce a cire ɗansa, a cire shi ba tare da an tsangwami yaron ba. Ganga ma ba dole ba ce. Gaɗa da tafi aka san ta.

To me za a yi a cikin minti ashirin ɗin? A nan ne nake ganin akwai abin aro daga waje, kaɗan. Rudolf Laban, masanin rawa da ya bar Jamus ya koma Ingila gab da Yaƙin Duniya na Biyu, ya fitar da littafi a 1948 a kan rawa a makarantu, kuma tunaninsa ya yi tasiri a firamaren Ingila shekaru da dama. Jigon maganarsa shi ne kada a fara da koya wa ƙaramin yaro taku ya haddace. A ba shi tambaya, ya amsa da jikinsa: motsi mai nauyi da marar nauyi, na sauri da na sanyin jiki, sama da ƙasa, fili mai faɗi da matsattse. Malama a Ɗanbatta ko Tessaoua ba ta buƙatar ta taɓa jin sunansa kafin ta yi wannan. Ta ce, ku nuna min yadda hawainiya take tafiya. Yanzu kuma kwaɗo. Yanzu guguwa ce ta taso, ku ne ganyen darbejiya. Yanzu kuna ɗauke da tulu cike da ruwa, kada ya zube. Ta ɗauko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, tana faɗa suna yi: ga Gizo yana sanɗa zai saci gyaɗa, ga shi an kama shi. Yara arba'in za su ba ta Gizo arba'in, kuma babu wanda ya yi kuskure. Ga yaron da tun safe ake ce masa bai iya ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai wasan da na fi so saboda sauƙinsa. Malami yana tafi, yara suna yawo a fili. Da ya tsaya kowa ya daskare a yadda yake, ko ƙafa ɗaya ce a sama. Ya canza tafin, mai sauri a yi gudu-gudu, mai jinkiri a yi taku ɗai-ɗai. Yaron da ke wannan wasa yana sauraro, yana riƙe doka a ransa, yana taka wa jikinsa burki a lokacin da jikin yake son ci gaba. Wannan riƙe kai shi ne ainihin abin da malami yake nema da bulala a cikin aji yake kasa samu. Ana iya ƙirga taku, a tafa a kan kowane na biyu ko na biyar, ga harsashin lissafi ya fara zama. Ana iya cewa yara uku su haɗu su yi siffar harafi da jikinsu. Yaro gurgu yana da hannuwa da kafaɗu, shi ma a ba shi dama ya jagoranci tafi. Kurma yana ganin hannun malami, yana jin dirin ƙafafu a ƙasa.

Akwai kuma alaƙa da karatu wadda ta fi ƙarfi a harshenmu fiye da yadda muke lura. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, da wasali dogo da gajere, da karin sauti mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu yake iya magana a gane. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, sai yaro ya cike su da kunnensa. Yarinyar da ta saba tafa gaɓoɓin sunanta da na ƙawayenta, ta saba jin inda waƙa take ja da inda take yankewa, ta riga ta fara aikin da za a nema a wurinta ranar da aka ce ta haɗa baƙi da wasali. A 2014 masu bincike a Jami'ar Northwestern da ke Amurka sun ba da rahoton cewa yara 'yan shekara uku zuwa huɗu da suka iya buga ganga daidai da kari sun fi takwarorinsu a gwaje-gwajen share fagen karatu, kamar rarrabe sautukan kalma. Binciken alaƙa ya nuna, bai ce ganga kaɗai za ta koya wa yaro karatu ba. Amma ya dace da abin da duk malamar aji ɗaya ta sani, cewa haruffan da aka rera sun fi waɗanda aka faɗa zama.

Ta fuskar lafiya maganar gajeriya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi a kullum, 'yan shekara 3 zuwa 4 kuma minti 180 na motsi iri-iri. Yaron ƙauye da ke kiwo da ɗiban ruwa ya wuce haka. Yarinyar birni da ake kaiwa makaranta a a-daidaita-sahu a dawo da ita cikin gida mai ɗaki biyu, ba ta kusa ba, kuma ita ce ba a bari ta buga ƙwallo a layi kamar yayyenta maza.

Suka mafi nauyi da na ji ba ta addini ba ce, ta malamai ce. Suna cewa: tsarin ilimi ya ce malami ɗaya ɗalibai 35, ni ina da casa'in, rufin ajina ya yaye, rabin yaran sun zo ba su karya ba, 'yan aji shida ba sa iya karanta sunansu, kai kuma kana maganar gaɗa. Duk gaskiya ne. Gwamnatin Kano da kanta a watan Yuni na 2024 ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma ba Kano kaɗai ke cikin wannan hali ba. Yaron da ke jin yunwa abinci yake buƙata kafin tsalle, kuma a watannin bazara ba mai hankalin da zai fito da yara rana bayan ƙarfe goma. Da sassafe za a yi, a inuwa, ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa a yi a tsaye cikin aji. Amma ku lura, cikin duk gyare-gyaren da makarantunmu suke jira, wannan ne kaɗai ba ya jiran kwangila. Ba ya son littafi, ba ya son lantarki, ba ya son benci. Yawan yara ma bai hana shi ba, da'ira uku ko huɗu za a yi, manyan cikinsu su riƙe kowace. Minti ashirin ɗin kuma ba daga karatu aka sace su ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan aji ɗaya ya san bayan rabin awa hankalinsu ya tafi, sauran lokacin a tsawa da raba faɗa yake ƙarewa. A Finland, ƙasar da ake yawan buga misali da makarantunta, an saba ba yara hutun minti 15 bayan kowane darasi na minti 45, kuma ba su koma baya ba saboda haka.

Matsala ta gaske ita ce malamin da kansa. Da yawa cikin matasan da ke fitowa daga kwalejojin ilimi yanzu su ma ba su yi dandali ba, kuma namiji mai gemu yana jin nauyin a gan shi yana tsallen kwaɗo a gaban yara. Ba sai ya yi tsalle ba, tafi da umarni sun isa, yaran za su yi sauran. Amma ya kamata sassan koyar da ilimin ƙananan yara da na firamare a kwalejojin nan su fitar da ɗalibansu fili su gwada abin a aikace, a kuma duba shi lokacin koyarwar gwaji kamar yadda ake duba tsarin darasi. Kayan aikin ma a tare suke. Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo sun daɗe suna tattara waƙoƙin gaɗa da wasannin yara a kundayen ɗalibai, suna jibge a kan kanta ba mai buɗewa sai mai neman digiri. Hukumar tarihi da al'adu ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa tana da makaɗa da 'yan rawar koroso da ake fitowa da su idan an yi baƙi. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi za su iya zama da waɗannan mutane su tace, domin ba kowace waƙar gaɗa ce ta dace da 'yan shekara biyar ba, akwai na habaici da na zancen aure da kishiya, a fitar da ɗan littafi na wasanni talatin ko arba'in da bayanin yadda ake yin kowanne, a raba wa malaman aji ɗaya zuwa uku.

Kafin a kai ga haka ma, hedimasta ba ya buƙatar izinin kowa don ya yi amfani da lokacin da jadawali ya riga ya ba darasin al'adu da na motsa jiki. A kowace unguwa akwai gwaggo ko inna da ta yi zabiyar gaɗa a zamaninta, waƙoƙin suna nan a kanta da tafinsu. Kwamitin kula da makaranta ko ƙungiyar iyaye mata su gayyato ta sau ɗaya a mako, a ba ta ɗan abin goro, malamai su tsaya a bayan yara su ma su koya. Yawancin waɗannan mata sun haura hamsin, 'ya'yansu da suka tashi a birni ba su karɓa daga wurinsu ba, don haka a wannan zangon karatun ya kamata a aika a kira su.